Izinin Rufin Gida da Ƙa'idojin Gini a Gundumomin Karkara na Ƙasar Amurka

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda ake neman izinin yin rufin gida, ko sake shi, a yankunan karkara na ƙasar Amurka, da kuma irin ƙa'idojin da ake son mai aikin ya bi. Mun ware rufi daga cikin sassan gini ne saboda dalilai biyu. Na farko, shi ne sashen da akan sake tun sauran gida yana nan da ƙarfinsa, saboda haka ko mutumin da ya sayi gida ginanne wata rana sai ya yi hulɗa da wannan doka. Na biyu kuwa, shi ne ke fara karɓar dukan iska da ƙanƙara da tartsatsin gobara, kuma da zarar ya kware ruwa ya sami hanya, to, duk abin da ke cikin ɗaki ya shiga hasara.

Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, amfanin takardar izini yana ga zuwan mai duba aiki a lokacin da rufi yake buɗe, sa'an nan kuma samun wannan dubawa a karkarar Amurka ya dogara ne ga gundumar da gida ya faɗa cikinta, ko da kuwa iska ɗaya ce ke kaɗa ta da maƙwabciyarta.

Da kalmar gunduma muna nufin yankin mulki da ke ƙasa da jiha, wanda za a iya kwatanta shi da ƙaramar hukuma, ko da yake ba su yi daidai ta kowace fuska ba. Akwai irin waɗannan yankuna fiye da 3,100 a ƙasar, kuma bambancin da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ne. Gundumar Los Angeles tana da mutum kimanin miliyan 10, alhali gundumar Loving ta jihar Teksas mutum 64 aka ƙidaya a cikinta a shekarar 2020. Har ila yau, a cikin galibin gundumomi akwai garuruwa masu hukumar kansu, akwai kuma filin da ya rage bayan an cire garuruwan, watau gonaki da makiyaya da gidajen da ke warwatse. Wannan fili na biyu shi ne abin da muke kira karkara a nan.

2.0 Wa ke da ikon kafa ƙa'ida?

Gwamnatin tarayya ta Amurka ba ta da kundi ɗaya na ƙa'idojin ginin gidajen kwana da ya hau kan kowa. Tsarin mulkin ƙasar ya bar kare lafiya da dukiyar jama'a a hannun jihohi, su kuma jihohi kowace ta ga damar yadda za ta raba wannan iko. A jihohi da yawa ana bin wata fatawa ta alƙali John Dillon na jihar Iowa, ta shekarar 1868, wadda ta ce hukumar da ke ƙasa da jiha ba ta da wani iko sai wanda jiha ta ba ta. Ma'anar wannan ita ce, gunduma tana iya son kafa ofishin duba gine-gine amma doka ta ɗaure mata hannu.

Su kansu ƙa'idojin ba gwamnati ke rubuta su ba. A cikin ƙarni na ashirin ƙungiyoyi uku ne na masu duba gini suka raba ƙasar, ɗaya a gabas da tsakiya, ɗaya a yamma, ɗaya a kudu, kowace da kundinta. A 1994 suka kafa majalisa guda, wadda ake taƙaita sunanta da ICC, ita kuma ta fito da kundin gidajen kwana mai suna IRC a shekarar 2000, ana kuma sabunta shi duk bayan shekara uku. Wannan kundi samfuri ne kawai. Ba ya zama doka sai jiha ko gunduma ko gari ya karɓe shi, kuma mai karɓa yana da damar ƙari da ragi. Wani bincike da hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, ta fitar a 2020 ya nuna cewa kashi 65 cikin ɗari na gundumomi da garuruwan ƙasar ba su karɓi ƙa'idojin zamani masu kare gini daga bala'i ba a lokacin.

3.0 Abin da kundin ya tanada game da rufi

Kafin mu shiga ƙa'idojin, ya kamata mu faɗi siffar rufin da ake magana a kai, domin ya sha bamban da na kwano wanda ake bugawa kai tsaye a kan katako. Galibin gidajen Amurka hawa uku ne rufinsu. Akan shimfiɗa alluna a kan rafta su zama daɓe, a rufe daɓen da wata shimfiɗa mai hana ruwa, sa'an nan a jera ƙananan fallaye da aka yi da kwalta da tsakuwa, kowane yana hawa kan na ƙasa da shi kamar saɓar kifi. Ana samun rufin kwano ƙwarai a karkara, amma fallen kwalta shi ya fi yawa, kuma a kansa za mu tsaya.

Babi na 9 na kundin shi ya ƙunshi rufi. Ya hana sa fallen kwalta a rufin da gangarensa bai kai tashin inci 2 a cikin kowane inci 12 ba, domin ruwa ba zai yi saurin sauka ba, zai kwanta ya bi ƙarƙashin fallaye. Daga inci 2 zuwa 4 kuwa sai an ninka shimfiɗar ƙasa. Kowane dogon falle ba zai gaza ƙusa huɗu ba, kuma masu ƙera shi sukan nemi shida a inda iska ke da ƙarfi. Ita ƙusar sai ta nutse cikin daɓe kashi uku cikin huɗu na inci, ko ta huda shi ta fita in bai kai haka kauri ba.

Mai karatu zai iya ganin kamar waɗannan ƙananan abubuwa ne da bai kamata hukuma ta tsoma baki a cikinsu ba. To, amma sai mu dubi yadda iska take cin rufi. Idan iska mai ƙarfi ta bi ta saman gida, tsotsar rufin take yi zuwa sama, kuma tsotsar ta fi tsanani a kusurwoyi da bakin rufi da ƙololuwarsa. Ƙarfin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudun iskar: idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin ninkawa yake yi sau huɗu. Falle ɗaya da aka buga wa ƙusa sama da inda aka zana, ko wanda bindigar ƙusa ta huda shi ta wuce, shi ne zai fara ɗagawa, sai iska ta sami mashiga ta bi sauran tana ɓarewa. Idan kuma allon daɓe ya tashi, iska ta shiga cikin gida ta tura daga ƙasa, a nan ne akan ga rufi ya rabu da bango gaba ɗaya. Wannan ne ya sa garin Moore na jihar Oklahoma, bayan guguwar da ta rusa shi ranar 20 ga Mayu 2013, ya ɗaga ma'aunin iskar da ake gina gidaje a kansa daga mil 90 zuwa mil 135 a sa'a a shekarar 2014. Amma dokar ta gari ce, ba ta tsallake iyakarsa zuwa gonaki ba.

A arewacin ƙasar matsalar ta sanyi ce. Ɗumin cikin gida yakan narkar da dusar ƙanƙarar da ta taru a kan rufi, ruwan ya gangaro bakin rufi inda ɗumin bai kai ba, ya sake daskarewa ya zama shinge. Ruwan da ya biyo baya sai ya taru a bayan shingen ya koma sama ta ƙarƙashin fallaye. Saboda haka kundin ya ce a wuraren da aka san da wannan matsala a manna wata shimfiɗa ta musamman daga bakin rufi har ta shige inci 24 ciki daga layin bangon waje.

Wajen sake rufi, ƙa'idar da ta fi jawo gardama ita ce ta hawa biyu. An yarda a ɗora sabon falle a kan tsoho sau ɗaya, amma in an riga an yi hawa biyu, ko tsohon ya jiƙe ya ruɓe, dole a kware shi duka har daɓe. Dalili ɗaya nauyi ne, gama hawa ɗaya na fallen kwalta yana kusan kilo 100 a kowane murabba'in ƙafa 100, watau kusan tan 2 ke nan a kan matsakaicin gida. Ɗaya dalilin kuwa, wanda a ganinmu ya fi muhimmanci, shi ne ba mai iya sanin halin da daɓe yake ciki sai an kware abin da ya rufe shi.

Akwai wani abu a kundin da ya kamata a lura da shi. A babi na 3 an bar wani jadawali babu komai a cikinsa, hukumar kowane wuri ce za ta cike shi da gudun iskar yankinta, da nauyin dusar ƙanƙarar da za a yi lissafi da shi, da ko ana bukatar shimfiɗar da muka ambata. Gundumar da ba ta karɓi kundin ba, babu wanda ya cike mata wannan jadawali, kafinta ne zai yi aiki da abin da ya saba.

4.0 Takardar izini da zuwan sufeto

Inda ake aiki da kundin, hanyar ba ta da wuya. Mai gida ko ɗan kwangila yakan kai takardar neman izini ofishin gine-gine na gunduma, ya faɗi girman rufin da irin kayan da za a sa da kuɗin aikin, ya biya kuɗin izini. Galibi ƙaramin gyara na 'yan fallaye ba ya bukatar izini, haka nan rumfa ko ɗakin ajiya mai hawa ɗaya da bai wuce murabba'in ƙafa 200 ba. Izinin yakan mutu idan aka yi kwana 180 ba a fara aiki ba. Wanda aka kama yana aiki ba izini akan tsayar da shi, kuma a wurare da yawa akan ninka masa kuɗin.

Duk wannan sharar fage ce. Ainihin abin shi ne ranar da sufeto zai hau tsani. Wasu gundumomi sau biyu suke turo shi, da farko bayan an kware tsohon rufi an sa shimfiɗa, sa'an nan bayan an gama. Wasu kuwa zuwan ƙarshe kaɗai suke yi, kuma muna ganin wannan kusan aikin banza ne, domin duk abin da muka lissafa a sama, da tazarar ƙusa da lafiyar daɓe da faɗin shimfiɗa, ya riga ya ɓuya. Rufin da aka ha'inta da wanda aka yi tsakani da Allah kamanninsu ɗaya daga ƙasa, sai ranar da guguwa ta zo. Mai gida da kansa ba ya iya rarrabewa, balle wanda zai sayi gidan bayan shekara goma.

Wahalar gundumar karkara a nan take. Ɗan kwangila ba zai bar gida a buɗe yana jiran sufeto kwana uku ba alhali hadari yana haɗuwa, shi kuma sufeton wataƙila shi kaɗai ne a gunduma mai faɗin gaske, kuɗin izinin da ake tarawa kuma bai isa a ɗauki na biyu ba. Don haka wasu ofisoshi suka koma karɓar hotunan aiki a madadin zuwa, wasu suka haɗa kai da maƙwabta suna amfani da sufeto ɗaya.

5.0 Jihohi biyu, hanyoyi biyu

Teksas tana da gundumomi 254, fiye da kowace jiha. Tun 2001 dokar jihar ta ɗora kundin IRC a kan garuruwa, amma gundumomi ba su sami wani iko a kan gidajen karkara ba sai 2009, shi ma ɗan taƙi. Gundumar da ta ga dama tana iya cewa sabon gida ya bi kundin, amma ba ta da ikon neman a karɓi izininta kafin a fara, ba ta kuma karɓar kuɗi. Magini ne zai ɗauko mai dubawa da kansa, a duba sau uku. Sake rufin tsohon gida bai shiga wannan doka ba sam. Daɗin daɗawa, jihar ba ta neman lasisi daga masu aikin rufi, ga shi kuwa tana cikin jihohin da ƙanƙara ta fi yi wa ɓarna. Abin da yakan biyo bayan ruwan ƙanƙara sananne ne: baƙin 'yan kwangila su cika gari, su yi aiki cikin gaggawa, su karɓi kuɗin inshora su ƙara gaba.

Fulorida ta bi wata hanya dabam, kuma bala'i ne ya kora ta. Guguwar Andrew ta 24 ga Agusta 1992 ta tona asirin yadda ake rufi a kudancin jihar, inda aka tarar da allunan daɓe da yawa waɗanda ƙusoshinsu ba su ma sami rafta ba. Daga 1 ga Maris 2002 kundi ɗaya ya hau kan jihar duka, birni da ƙauye, ba gundumar da ke da ikon sassauta shi. Sake rufi sai da izini, mai aikin sai da lasisi, kuma idan an kware tsohon rufi akan duba ƙusoshin daɓe a ƙara inda suka gaza. Mai gida yana iya karɓar izini da sunansa ya yi aikinsa, amma idan ya sayar da gidan ko ya ba da shi haya cikin shekara ɗaya za a ɗauka ya yi wa doka zamba. Akwai kuma ƙa'idar da ta ce in gyara ya wuce kashi 25 cikin ɗari na rufi a cikin wata 12 sai a sabunta sashen duka, wadda aka sassauta a 2022 ga rufin da aka yi bisa kundin 2007 ko na bayansa. Duk da wannan tsanani, gine-ginen gona waɗanda ba na kwana ba, kamar rumbu da ɗakin dabbobi, an ɗauke musu neman izini, kamar yadda yake a jihohi da dama.

Sauran jihohi suna tsakanin waɗannan biyu. Luwiziyana ta kafa kundi na jiha duka a ƙarshen 2005, bayan guguwar Katrina. Tenesi a 2009 da Misisipi a 2014 sun kafa nasu, amma suka bar ƙofa ga gundumar da ba ta so ta fita. Gundumar Cochise ta Arizona kuwa mai fili ta bar wa zaɓi: wanda ke da eka 4 ko fiye a karkara, yana gina gidan da zai zauna da kansa, yana iya cewa ba ya bukatar a duba masa.

Ba mu ɗauki hujjar masu ƙin izini da wasa ba. Suna cewa gidan da ke tsakiyar gona ba shi da maƙwabcin da zai cutar, kuma kuɗin bin ƙa'ida yakan hana talaka mallakar muhalli. Maganar kuɗi gaskiya ce. Maganar maƙwabci kuwa tana da rauni, domin gida yakan daɗe fiye da zaman wanda ya gina shi, kuma wutar daji ba ta san iyakar fili ba. Kalifoniya ta tsaurara ƙa'idojin gini mai jure wuta a yankunan da gidaje suka haɗu da daji a 2008. Bayan gobarar Nuwamba 2018 wadda ta cinye garin Paradise ta kashe mutum 85, wani lissafi da 'yan jarida suka yi ya nuna kashi 51 cikin ɗari na gidajen da aka gina bayan 2008 sun tsira ba lahani, na gabanin haka kuwa kashi 18. Sai dai masana da suka sake nazari daga baya sun ja hankali cewa tazarar da ke tsakanin gida da wani gini mai cin wuta ta yi tasiri ƙwarai, saboda haka ba za a jingina bambancin duka ga ƙa'idar ba.

6.0 Inda gunduma ta yi shiru

Rashin ofishin izini bai sa mai gida ya kuɓuta daga dubawa ba, sai dai mai dubawar ya sake. Bankin da ya ba da bashin sayen gida yakan tilasta a yi wa gidan inshora, kamfanin inshora kuwa rufi yake fara tambaya, shekarunsa da irin kayansa. A Fulorida abin ya kai har majalisa ta kafa doka a 2022 wadda ta hana kamfani ƙin karɓar gida don tsufan rufi kawai matuƙar bai kai shekara 15 ba. A gaɓar tekun Teksas, inda kamfanoni suka guji ɗaukar haɗarin iska, jiha ta kafa wata ƙungiyar inshora a 1971, bayan guguwar Celia ta 1970, domin gundumomi 14 na bakin teku, daga baya aka haɗa da wani yanki na gundumar Harris. Wanda ya sake rufi a can ba tare da takardar shaidar dubawa mai suna WPI-8 ba yana iya rasa wannan inshora, ko da gundumarsa ba ta taɓa tambayarsa izini ba. Haka kuma gundumar da ta shiga shirin inshorar ambaliya na tarayya, wanda aka kafa a 1968, dole ta lura da gyaran da ake yi a kwarin da ruwa ke ci, domin in kuɗin gyara ya kai rabin darajar ginin sai an daidaita ginin duka da ƙa'idar ambaliya, kuɗin rufi kuma yana cikin lissafin.

Gidajen da ake haɗawa a masana'anta a jawo su da mota, waɗanda suka yawaita a karkarar kudu, suna da nasu hukunci. Tun 1976 ƙa'idar tarayya ce ke kansu, an kuma ƙarfafa sashenta na iska a 1994 saboda abin da Andrew ta yi musu. Amma ƙa'idar tana tsayawa ne ga yadda gidan ya fito daga masana'anta. Idan rufinsa ya tsufa mai shi ya ɗora masa wani a sama, nauyin da ba a yi bangon dominsa ba, wannan ya koma hannun gunduma, in tana da mai dubawa.

Jihar Alabama ta gwada haɗa hanyoyin biyu. Wata cibiyar bincike ta kamfanonin inshora ta tsara ma'aunin rufi mai suna FORTIFIED, wanda ya zarce abin da kundin ya nema: a buga daɓe da ƙusa mai zobba wadda ba ta zarewa da sauƙi, a liƙe duk mahaɗar alluna yadda ko fallaye sun tashi ruwa ba zai zuba ba, a kuma ƙarfafa bakin rufi. Mai tantancewa mai zaman kansa ne ke tattara hotunan kowane mataki tun rufi yana buɗe, takardar shaidar kuma shekara biyar take yi kafin a sabunta ta. Dokar jihar ta sa kamfanoni su rage kuɗin inshora ga mai wannan takarda, jihar kuma tana ba da tallafi har dala 10,000 domin sake rufi, abin da aka fara a gundumomin Mobile da Baldwin na bakin teku. Luwiziyana ta kwaikwayi shirin a 2023. Daga cikin sharuɗɗan samun tallafin na Alabama akwai cewa mai nema ya kasance yana da inshorar iska mai aiki, kuma gidan kada ya zama irin wanda ake jawowa da mota.